Madubin hangen nesa da zan iya shiga trotro da shi: wanne zan sa a riƙo mini?

Malam_Sani_Nima
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni sani.

Ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a nan Nima, cikin Accra. Shekara huɗu ke nan ina zana wa yara duniyar Zuhal (Saturn) da zobensa a allo, ina zana Mushtari (Jupiter) da watanninsa, alhali ni kaina ban taɓa sa su a ido ba. Makon jiya wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kai ka gani ne, ko kai ma a littafi ka karanta?" Na gaya mata gaskiya, kuma tun ranar maganar ba ta bar raina ba.

Yayana da ke Hamburg zai zo gida a Disamban nan na 2025. Ya ce in faɗi abin da nake so ya riƙo mini, sharaɗinsa ɗaya: ya shiga jaka, kada ya cinye masa nauyin kaya. Ni kuma ɗaki ɗaya gare ni a hawa na uku, ba ni da mota. Duk abin da zan mallaka dole ya zama wanda zan rataya a kafaɗa in shiga trotro, motar hayarmu, da shi, in hau saman bene da shi ni kaɗai. Duniyoyi da wata kawai nake son gani, ni da yaran.

Na kuma ga wani a shago wajen Circle, an rubuta a kwalinsa yana ƙara girman abu sau 675, kuɗinsa bai kai rabin abin da na tara ba. In saye shi in hutar da Yaya, ko kuwa?

Injiniya_Tema
Wa alaikumus salam Malam. Don Allah kada ka taɓa wancan na Circle. Je ka sake duba kwalin, za ka ga wata ƙaramar lamba, 50 ko 60 ko 70, da "mm" a gefenta. Wannan ce faɗin bakin madubin a milimita, kuma ita ce gaskiyar ƙarfinsa. Ka ninka ta sau biyu, iyakar girman da zai ba ka da tsabta ke nan. Mai baki 60 ba ya wuce sau 120, shi ma sai ranar da sama ta kwanta. Abin da ya haura haka ƙaton dishi-dishi ne kawai, kamar ka yi ta buɗe ƙaramin hoto a waya har ya farfashe.

Faɗin baki shi ne ke tara haske, shi ne kuma ke rarrabe ƙananan abubuwa. Girma kuwa kai ke zaɓarsa da ɗan gilashin da kake ɗora ido a kai.

Dan_Mamobi
Na sayi irinsa bara, a wani shafin saye da sayarwa. Gilashin ma bai fi ƙafafun da ake ɗora shi a kai ɓata mini rai ba. Siririn gwangwani ne, ka taɓa shi da yatsa komai ya hau rawa, babur ya wuce a layi ya hau rawa. Wata kaɗai na iya gani. 'Yata ta jira dare uku in nuna mata Mushtari, na kasa tsayar da shi a ciki. Har yau abin yana damuna. Malam, ka ji maganar Injiniya.

Alhaji_Aboabo
Malam Sani, Allah ya yi wa wannan yarinya albarka, ta yi tambayar da ta dace. Ni daga Kumasi nake. Shekara shida ina da irin wanda ake kira Maksutov, sunan wani masanin gilashi ne na Tarayyar Sobiyet da ya ƙirƙiro shi a 1941. Nawa Skymax 102 ne na kamfanin Sky-Watcher, bakinsa milimita 102. Tsawonsa bai kai santimita 30 ba, nauyinsa wajen kilo biyu, in ka gan shi sai ka ce filas ɗin shayi ne. Hikimar ita ce haske yana shiga ya bugi madubi a baya, ya dawo gaba, ya sake komawa baya, sai a naɗe tafiyar milimita 1300 a cikin wannan ɗan bututu. Doguwar tafiyar haske kuwa ita duniyoyi ke so.

Lissafin ba wuya. Ka raba 1300 da lambar gilashin ido. Mai 25 ya ba ka sau 52, da shi kake neman abu. Mai 10 ya ba ka sau 130, da shi nake ganin ɗamara biyu masu duhu a cikin Mushtari, da watanninsa huɗu a jere kamar an ja musu layi. A rufe yake gaba da baya, ƙura ba ta isa madubin, ba kuma ruwanka da saita shi kullum. A jakar goyo nake sa shi in hau pragya, babur ɗin haya mai ƙafa uku. Yayanka zai iya riƙe shi a jakar hannu cikin jirgi.

UmmuKhadija_Madina
Alhaji, ku yi haƙuri in ɗan saɓa muku. Mu namu Heritage 130P ne, mai buɗaɗɗen baki da madubi a gindi, a kan ɗan mazaunin katako mai juyawa. Bakinsa milimita 130, ya fi naku faɗi, ya fi haske, kuma mazauninsa na tare da shi, ba sai an sayi ƙafa daban ba. Bututun yana zugewa ya gajarce. Ɗana mai shekara tara da kansa yake tura shi da hannu ya nemo wata. Malam da yara zai yi aiki, abin da yaro zai iya sarrafawa shi ya kamata a duba. Sannan faɗin abin da yake nunawa ya fi, Kaza da 'Ya'yanta gaba ɗaya suke shiga, a naku kuwa sai dai a gan su rabi-rabi.

Alhaji_Aboabo
Hajiya, ban ƙi ta taki ba, madubi ne mai kyau, na leƙa irinsa. Amma ki koma kan sharaɗin Malam. Da mazauninsa ya kai kilo shida, kuma katakon nan mai faɗi ne, rabin akwatin Yayansa zai cinye. A trotro kuma sai ya biya masa kujera. Kuma ya ce duniyoyi yake so, bai ce Kaza ba.

UmmuKhadija_Madina
Wannan gaskiya ne, mu a mota muke ɗaukarsa. Amma ku ma ba ku faɗi nauyin ƙafar naku ba, Alhaji. Filas ɗin shayin ai ba a hannu ake riƙe shi ba.

Injiniya_Tema
Hajiya ta taɓo inda mutane ke faɗawa rami. Duk wanda zai kashe kuɗi, ya ware wa mazauni rabonsa tun farko, in ba haka ba labarin Dan_Mamobi ne zai maimaitu da gilashi mai tsada.

Game da Heritage ɗin: tafiyar haskensa 650 ce, rabin ta Alhaji. Gilashin ido mai 10 sau 65 kawai zai ba ka. Kafin ka kai 130 sai ka sami mai 5, ko ka ƙara wani gilashi da ake kira Barlow mai ninka girma biyu. Yana yi, kuma idan an saita madubansa daidai, abin da zai nuna a Mushtari ba zai gaza na Alhaji ba, wata rana ma ya fi. Sai dai kalmar nan "idan an saita" ita ce aikin. Madubi biyu ne a ciki da dole su fuskanci juna daidai, girgizar hanya tana gusar da su. Wanda ya bi hanyoyin cikin unguwa da shi a cinya zai riƙa saitawa akai-akai. Ana koyo, minti biyar ne ga wanda ya saba. Yana kuma buƙatar tebur ko kujera mai ƙwari da za a ɗora shi.

Baba_MaiKamara
Ku yara kuna ta lissafi, ba wanda ya ambaci abokin gaban gilashi a garin nan. Shekara talatin da wani abu ina gyaran kamara a Sabon Zango. Abin da ke kashe gilashi a Ankara, wato Accra, fumfuna ce. Danshin teku ne ke kawo ta. Tana farawa kamar saƙar gizo-gizo a gefe, in ta daɗe sai ta ci fentin da ke kan gilashin, a lokacin ko an wanke tabon ba ya fita. Wanda aka rufe gaba da baya ma bai tsira ba, in ta shiga ciki ta fi wuyar cirewa.

Malam Sani, ɗana, duk wanda ka saya: in ka sauko da shi da dare da raɓa a jikinsa, kada ka rufe shi ka tura cikin jaka. Bar shi a buɗe ya sha iska har ya bushe. Ka nemi bokitin roba mai murfi da ke kamawa sosai, ka zuba 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi da na magani, ka riƙa shanya su ko ka sauya su. Kada ka ajiye shi a jakar fata, kada ka ajiye shi a ƙarƙashin gado tun daga Mayu har Yuli ba ka duba ba. Ƙurar hunturu kuma ba a goge ta da gefen riga, yashi ne, tana karce gilashi. Hura ta ake yi da ɗan famfon roba.

Malam_Sani_Nima
Baba, Allah ya ƙara girma, na rubuta duka. Ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Injiniya da Alhaji, to wace ƙafa ke nan? Yaya ya turo mini hoton wani da ke da ƙarfe mai nauyi a rataye a gefe, mai shagon ya ce masa shi ne na masu duban taurari na gaske.

Injiniya_Tema
Wannan mazauni ne da ake karkata shi ya fuskanci tauraron arewa, don ya bi juyawar sama da murɗi ɗaya. A Hamburg yana da ma'ana, tauraron yana can sama fiye da digiri 50. Mu a Accra digiri biyar da rabi muke daga tsakiyar duniya, tauraron arewa yana kwance kusan a ƙasa, bayan gidaje da hazo, da wuya ka gan shi. Da yawan irin waɗannan mazaunai ma ba sa sunkuyawa su kai nan, ƙarfen ya riƙa bugun ƙafa. Ga nauyi a banza. Ce wa Yaya ya nemi mai sauƙi, wanda ke tafiya sama da ƙasa, hagu da dama, mai 'yan igiyoyi biyu na murɗawa a hankali.

Amma zamanmu a nan ya ba mu abin da su ba su da shi. Duniyoyi ta saman kanmu suke bi. Zuhal a 'yan watannin nan na ƙarshen 2025 yana kai wa wajen digiri 80 a samanmu, a Hamburg kuwa da ƙyar yake wuce 30. Abin da ke sama sosai, iskar da haskensa ke ratsawa kaɗan ce, hoton ya fi tsayawa. Ƙaramin madubi a nan yana iya yin abin da babba ke wahalar yi a can. Saboda haka ma ka tabbata madubin kusurwa da ake saƙala gilashin ido a ciki mai digiri 90 ne. Wasu ana haɗo su da mai 45, na kallon tsuntsaye da rana, da shi sai ka durƙusa ka murɗe wuya.

Sadik_Asawase
Ni tambayata, a Nima da wutar nan ko'ina me za a gani? Ai sai an fita daji. Mu mun taɓa kwana a bakin Tafkin Bosomtwe, taurari kamar ka miƙa hannu ka ɗebo. Malam ka kawo yaran nan, kilomita talatin ne kawai daga Kumasi, kuma ka nuna musu ramin da dutse daga sama ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce. Darasi biyu a tafiya ɗaya.

Alhaji_Aboabo
Sadik, ɗana, Bosomtwe wuri ne mai kyau, amma duniyoyi ba ruwansu da fitilun gari. Suna da haske ƙwarai. Daga tsakar gidana a Aboabo nake kallon Mushtari, fitilar maƙwabci na kunne. Masu buƙatar duhu su ne gungun taurari masu nisa da ke kama da hayaƙi. Abin da ke ɓata kallon duniyoyi shi ne rawar iska. Simintin saman bene da kwanon rufi suna shan rana wuni guda, da dare su riƙa fitar da zafi, sai ka ga hoton yana motsi kamar saman kwalta da azahar. Malam ka tsaya a gefen da ba za ka hango ta saman kwano mai zafi ko hayaƙin mai suya ba. Can cikin dare ya fi kwanciya, gab da asuba ya fi duka.

Nana_Ayisha_Ashaiman
Ni fa ina da ɗan shakku, ku gafarce ni. Kakata ta hana mu ƙura wa taurari ido, ta ce aikin masu duba ne. Malam zai tara 'ya'yan mutane da dare yana nuna musu Zuhal da Mushtari, sunayen da muke ji a bakin masu bugun ƙasa. Iyaye ba za su yi magana ba?

Ustaz_Fadama
'Yar'uwa, tambayarki a kan hanya take, kuma gara a yi ta a nan kafin a yi ta a ƙofar makaranta. Abin da malamai suka hana shi ne a ce tauraro kaza ya fito don haka wane zai yi arziki, wance aurenta zai mutu. Wannan da'awar sanin gaibu ce. Sanin tafiyar rana da wata da taurari kuwa, da shi aka san lokutan salla, da shi aka san alƙibla, da shi fatake suka ratsa sahara. Malaman Musulunci sun yi zurfi a ilimin falaki, shi ya sa har yau taurari da yawa da sunan Larabci Turawa ke kiransu, irin su Aldebaran da Altair. A littattafan Timbuktu na da akwai na falaki. Shawarata ga Malam: ka fara gayyatar limamin unguwa da iyaye biyu-uku su leƙa da idonsu. Kuma 'yan mata su zo da rakiyar wani daga gida, a tashi da wuri.

Ni ma ina da tawa tambayar. Wannan madubi zai yi mana amfani wajen duban jinjirin watan azumi? Ga shi muna sa ransa a Fabrairun 2026.

Injiniya_Tema
Ustaz, zai nuna shi in an same shi, amma samun ne wuya. Maksutov ɗan ƙaramin yanki na sama yake nunawa, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Don neman jinjirin wata, madubin hannu mai ido biyu, 10x50, wato mai ƙara girma sau 10 da baki milimita 50, ya fi shi nesa ba kusa ba. Sanarwa dai ta ofishin Babban Limamin ƙasa ce, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, mu namu taimakon ido ne.

Tunda an zo nan, dole in faɗi wannan da babbar murya, musamman da yara a ciki. Jinjirin wata kusa da inda rana ta faɗi yake. Kada kowa ya ɗaga madubi, babba ko ƙarami, sai rana ta gama nutsewa. Kallo ɗaya ta cikinsa yana ƙone ido, kuma ba a gyarawa. Irin na kwalin nan wasu suna zuwa da ɗan baƙin gilashi da aka rubuta na rana ne, ana ɗaura shi a wajen ido. Zafi yana fasa shi nan take. A jefar da shi. Kuma da rana kada a bar madubi a tsaye a waje ba babba a kusa.

Baba_MaiKamara
Haka ne. Na tuna husufin ranar 29 ga Maris 2006, da safe ranar Laraba. Garin nan ya yi duhu kusan minti uku, kaji suka nufi akurki, masallatai suka cika. Kwana da kwanaki kafin nan rediyo na ta gargaɗi a kan ido. Duk da haka na kama yara a bakin shagona suna shirin leƙawa da wani tsohon gilashin kamara da na yar. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Dan_Mamobi
Ni ina aji uku a lokacin, a bokitin ruwa aka ce mu kalla. Daga baya na ji shi ma ba shi da aminci.

Wai ba gwamnati na da babban madubi a Kuntunse ba, hanyar Nsawam? Malam ya rubuta takarda ya kai yaran can mana.

Injiniya_Tema
Na Kuntunse faranti ne mai faɗin mita 32, da can na sadarwa ne, aka mai da shi na binciken sama, aka ƙaddamar a Agustan 2017. Amma igiyoyin rediyo yake saurara, ba wurin da za ka sa ido ka leƙa. Ziyararsa za ta ƙaru yara, sai dai ba za ta amsa tambayar yarinyar nan ba. Wanda ya fi kusa da buƙatar Malam shi ne Ghana Planetarium, ɗakin nuna sararin sama da Dokta Jacob Ashong ya kafa a 2009. Ka neme su, a nan za ka haɗu da waɗanda suka saba da waɗannan na'urori.

Kawu_Bronx
Ina biye da ku daga nesa. Abu ɗaya nake so Malam ya sani tun yanzu, don kada ransa ya ɓaci ya zaci an sayar wa Yayansa jabu. Zoben Zuhal bana, 2025, a kwance yake. Duk bayan shekara goma sha uku zuwa sha shida muna zuwa daidai gefensa, ya zama kamar faifai da aka juyo maka bakinsa. Hakan ya faru ranar 23 ga Maris 2025, kuma har yanzu siriri ne ƙwarai. Abin da za ka gani a Disamba ƙwallo ne da aka soke da allura. Yana da kyau, amma ba shi ne na allonka ba. A hankali zai riƙa buɗewa, ya kai iyakarsa wajen 2032. Tsagar nan da ke tsakiyar zoben, wadda masanin taurari Cassini ya gano a 1675, kada ka neme ta bana. Amma ka duba gefe za ka ga ɗan ɗigo, Titan ke nan, babban watansa. A Disamba da magariba Zuhal yana tsakiyar sama, ka fara da shi, don kafin Maris zai ɓuya a hasken rana.

Mirrihu (Mars) ka manta da shi tukuna, sai Fabrairun 2027 zai matso, duk wata ashirin da shida yake yin haka. Zara matar wata ma tana bayan rana yanzu, sai wajen Maris za ta dawo yamma da magariba. Rabonka na bana Mushtari ne: ranar 10 ga Janairun 2026 zai yi daidai da mu, ya fito da faɗuwar rana ya kwana a sama. Watanninsa huɗu su ne Galileo ya gani a Janairun 1610 da madubin da bai kai na Circle ɗin nan faɗi ba. Sa yara su zana inda suke yau, su zana gobe, su ga sun sauya wuri. Ya fi duk abin da za ka faɗa musu da baki.

UmmuKhadija_Madina
Kawu ya yi gaskiya, kuma a gaya wa yara tun a aji cewa ba irin hoton waya za su gani ba. Ƙarami ne, kamar ƙaramin kwabo a tsawon hannu, launinsa ba mai ƙarfi ba. Nawa da farko sun ce "shi ke nan?" Sai da na ce su zauna su daɗe suna kallo. Ido yana koyo. Bayan minti biyu sai ka ji yaro ya ce ga layi, ga wani layin.

Amma Janairu ai tsakiyar hunturu ne. In hazo ya sauko fa?

Alhaji_Aboabo
Mu a Kumasi ya fi ku kauri. In ya yi nauyi har wata ya koma ja, haƙuri ake yi. In siriri ne kuwa, Mushtari yana ratsa shi, kuma wasu daga cikin dararen da na fi ganinsa a tsaye cak irin waɗannan ne. Hadarin damina ne ba shi da magani.

Malam, yara nawa ne a ajin?

Malam_Sani_Nima
Arba'in da uku ne, Alhaji. Ba duka za su zo lokaci ɗaya ba, ina tunanin goma-goma.

Alhaji_Aboabo
To ga abin da ban faɗa ba da farko. Duniya tana juyawa, kuma madubin yana ƙara girman wannan juyawar ma. A sau 130, Mushtari yana shiga ta wannan gefe ya fita ta wancan cikin kamar minti ɗaya da rabi. Kai kaɗai ba komai, kana murɗawa kana binsa. Da layin yara kuwa, bayan kowane yaro sai ka sunkuya ka dawo da shi, wani kuma zai kama bututun da hannu ya gusar. Akwai ɗan mazauni mai inji, AZ-GTi, yana ɗaukar har kilo biyar, da waya ake sarrafa shi ba tare da data ba, yana cin batir ƙanana guda takwas, ba ruwansa da dumsor, wato ɗauke wuta. Shi ke bin abin da kansa. Ni ban da shi, na gani ne wajen wani abokina. Kuɗinsa ya fi na bututun.

Injiniya_Tema
A nan kam ban bi Alhaji ba. Kafin injin ya fara bi, sai ka saita shi da taurari masu haske, kuma sabon shiga a saman bene, gidaje sun tare rabin sama, yara goma na jira, zai iya cinye rabin awa yana fama da waya. In batir ya mutu ko wani abu ya lalace, wa zai gyara a nan? Na hannu ba ya mutuwa. Malam ya sauko zuwa sau 80 ko 90 in yara na layi, abin zai fi daɗewa a ciki, kuma ɗamarun suna fitowa. Kuɗin injin a sayi ƙafa mai ƙwari da gilashin ido ɗaya mai kyau, wajen 15. Manhajar Stellarium a waya ta isa ta nuna maka wane ne wane a sama.

Kawu_Bronx
Ni da injin nake aiki kuma ban yi nadama ba, amma na yarda sai da na yi mako biyu kafin hannuna ya faɗa. Kowa da irin haƙurinsa.

Wa Yaya: bututu a jakar hannu, a naɗe shi da tufafi. Ƙafa a babban akwati. Ya riƙe rasit a kusa ko da an tambaya a filin jirgi, kuma ku ware wani abu ko da kuɗin fito ya taso. Ya buɗe kwalin tun a can ya leƙa wani abu mai nisa da rana, hasumiya ko eriya, ya tabbata lafiya lau yake, don mayarwa daga nan wahala ce.

Sadik_Asawase
Ba wanda ya ambaci Maksutov mai baki 127? Na ji an ce ya fi.

Alhaji_Aboabo
Ya fi haske, tafiyar haskensa 1500, amma ya haura kilo uku kuma yana son ƙafa mai nauyi. Ga mai hawa bene uku da ƙafa, ni 102 zan ce. Akwai ma mai 90, irin Celestron C90, in kuɗi sun gaza. Shi ma yana nuna zobe da ɗamarun.

Malam_Sani_Nima
Jama'a, Allah ya saka da alheri, ban zaci zan sami wannan duka ba. Na Circle dai na bar shi. Zuciyata ta karkata ga 102 da mazaunin hannu, amma maganar Hajiya cewa yaro ya riƙa nemo abu da kansa ta tsaya mini, don abin da nake so ke nan tun asali. Yaya ya ce in ba shi amsa kafin Juma'a ta sama. Ustaz, na yi magana da liman bayan isha'i, ya ce shi zai fara leƙawa.

Hajiya, in ba takura, ko zan iya zuwa Madina in ga naku da idona kafin in yanke? Ko sau ɗaya in ɗaga shi in ji nauyinsa.

UmmuKhadija_Madina
Ba takura Malam. Na gaya wa maigidan, ya ce ka zo ranar Asabar ku yi magariba tare, Zuhal na sama a lokacin. Zai turo maka kwatance ta saƙo. Dan_Mamobi, kai ma ka zo da 'yarka. Mushtari ba ya fitowa sai dare ya ɗan yi, in za ku iya jira ta gan shi.

Dan_Mamobi
Za mu jira, Hajiya. In sha Allah muna tafe. In zo da nawa ɗin ma? Ko Injiniya zai duba ya ga in an sauya masa ƙafa zai yi wani amfani.

Injiniya_Tema
Zo da shi. Ka duba mini faɗin ramin da gilashin ido ke shiga, in ya kai milimita 31 da ɗan wani abu, ina da tsohon mai 20 da zan ba ka. In hanyar Tema ta sake ni da wuri zan iso kafin isha'i.